A duba wuri kafin a datse korama

Manoman bakin gulbi, daga Jiratawa har Tibiri, kun san ruwan Gulbin Maraɗi ba ya malala cikin fadama kamar da. Tun da aka gina madatsar Jibiya a Nijeriya, wajen 1990, zuwansa ya canza. Filin noman rani na Jiratawa kuwa da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa, wanda injuna ke jawowa. In ruwan damina bai tsaya ya nutse ba, me za su jawo?

Shi ya sa ake son ƙananan datsi na dutse ko na itace cikin koramu. Ina goyon baya. Abin da ba na so shi ne a zuba dutse inda mota ta fi saurin kaiwa.

A Amurka akwai wata dabbar ruwa da Faransawa ke kira kastor. Ta fi gafiya girma nesa, wutsiyarta faffaɗa. Da haƙori take sare itace, ta tare rafi da rassa da laka. Ruwa ya tsaya, ya jiƙa ƙasa, ciyawa ta dawo. Masanan jami'ar jihar Yuta sun shirya lissafi na kwamfuta mai bin rafi gaɓa-gaɓa yana tambaya: ruwa yana daɗewa a nan? Akwai itacen gini kusa? Gangaren bai yi tsanani ba? Babban ruwa zai fasa datsin? Daga amsoshin suke zana taswirar wuraren da datsi zai zauna.

Ba mu da kastor, amma tambayoyin namu ne. Ta ƙarshe ta fi nauyi a nan, don gulbinmu yashi ne, kuma ruwansa ne ya kori garin Maraɗi daga fadama ya hau tudu a 1945. Datsin rassa ba zai kwana biyu a tsakiyarsa ba. Wurinsa kan ƙananan koramu ne, inda ƙasa ke da laka, a dasa gamba a gefe ta riƙe gaɓa.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku sami littafi. A damina ku rubuta inda ruwa ya kwana da kwana nawa ya yi. A rani ku auna rijiya gaba nawa ce. In ma'aikata sun zo da awonsu, ku buɗe musu littafin, ku kuma tambaye su ruwa nawa zai rage wa mutanen Tibiri da ke ƙasa da ku.