Sankarar Gado: A Horar da Mai Bayani Kafin a Sayo Na'ura

Da wuya a sami ɗalibin sakandare a yau wanda bai san ma'anar AA da AS da SS ba. Cutar sikila ta koya wa jama'a cewa akwai ciwon da ake gada a jini, har ta kai a shekarar 2024 gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure. Abin da bai bazu ba tukuna shi ne cewa wani kaso na ciwon daji, watau sankara, shi ma yana bin zuri'a, kuma akwai wata sana'a da aikinta shi ne zama da irin waɗannan iyalai a warware musu abin da gwaji ya nuna. Masu wannan sana'a su ne mashawartan gado. Horar da su ya kamata ya riga sayen na'urorin gwaji, domin takardar sakamakon da ba ta sami mai bayyana ta ba tana iya yin ɓarnar da ta fi amfaninta.

Da farko dai, yawancin sankara ba gadonta ake yi ba. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kaɗai ke tasowa daga lahanin da aka haifi mutum da shi a ƙwayoyin gadonsa. Tun a 1866 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya rubuta yadda sankarar mama ta riƙa bin matan dangin matarsa, daga kaka har jika. Sai a 1990 ne Mary-Claire King ta Jami'ar Kalifoniya ta nuna cewa dalilin yana ɓoye a kuromosom na 17. A 1994 aka gano ainihin ƙwayar gadon, wadda ake kira BRCA1, sa'an nan a 1995 masana a Ingila suka gano 'yar'uwarta, BRCA2, a kuromosom na 13.

Aikin waɗannan ƙwayoyi biyu shi ne gyara tsagewar da kan auku a zaren DNA, kamar yadda magini ke yaɓe katanga kafin damina. Idan ɗayarsu ta zo da lahani, ɓaraka takan yi ta taruwa har sankara ta sami wurin shiga. A Amurka, kimanin mace 1 cikin 8 ce ke kamuwa da sankarar mama a tsawon rayuwarta. Amma a cikin matan da suka gaji lahanin BRCA1, adadin ya kai kusan 7 cikin 10 kafin shekara 80, kuma kusan 4 cikin 10 sukan kamu da sankarar ma'ajiyar ƙwai. A nan ne kuma lissafin ya bambanta da na sikila. Sikila sai uwa da uba sun haɗu sun ba da, amma wannan lahani daga ɗayansu kaɗai ya isa, kuma kowane ɗa ko 'ya na da rabin yiwuwar gadonsa. Uba na iya ɗauke da shi lafiya lau ya miƙa wa 'yarsa. Wanda ya auna wannan da ma'aunin sikila zai yi kuskure babba.

Mashawarcin gado ba likita ba ne: ba ya fiɗa, ba ya rubuta magani. Aikinsa yana farawa da takarda da alƙalami. Yakan zana salsalar iyali ta aƙalla zuri'a uku, murabba'i ga namiji, da'ira ga mace, ya cike alamar duk wanda ya taɓa kamuwa. Yakan tambayi shekarun da ciwon ya bayyana, da ko ya kama mama biyu, da ko akwai namijin da ya yi sankarar mama. Daga nan zai gane ko iyalin na buƙatar gwaji, da kuma wanda ya fi dacewa a fara gwadawa. Kafin a ɗebi jini, zai bayyana wa mai neman shawara abin da sakamakon zai iya jawo masa, shi da 'yan'uwansa, ya kuma bar masa zaɓi, domin mutum na da 'yancin ƙin sani.

Sakamakon iri uku ne. Ko a sami lahani, ko a rasa, ko kuma a sami wani sauyi a ƙwayar gadon wanda masana ba su riga sun tantance ko yana da illa ba. Kowanne na da tarkonsa. Wadda aka samu da lahani tana iya ɗauka an yanke mata hukuncin mutuwa, alhali ba ta da ciwon, kuma akwai matakai a gabanta: fara duba mama tun tana shekara 25 zuwa 30, ko cire ma'ajiyar ƙwai bayan ta gama haihuwa, ko fiɗar cire mama wadda ke rage haɗarin da kimanin kashi 90 cikin 100. Wadda ba a samu ba tana iya sakin jiki ta daina zuwa asibiti, alhali haɗarin da ke kan kowace mace yana nan a kanta. Nau'i na uku ya fi yawa ga 'yan asalin Afirka, saboda yawancin bayanan da ake kwatanta sakamako da su daga Turawa aka tattara su. Matar da aka cire wa mama a kan irin wannan sakamako mai shakku an zalunce ta.

Sana'ar tana da tarihi da tsari. Sheldon Reed na Jami'ar Minesota ne ya raɗa mata suna a 1947, kuma a 1969 Kwalejin Sarah Lawrence da ke Jihar Niyok ta buɗe kwas na farko na digiri na biyu a fannin. A Amurka karatun yakan ɗauki shekara biyu bayan digiri na farko. Ɗalibi yakan koyi ilmin gado da lissafin yiwuwa, tare da ilmin halayyar ɗan Adam da ladubban aikin lafiya, kuma dole ya shiga cikin aƙalla shawarwari 50 a ƙarƙashin kulawar ƙwararre kafin ya zauna jarrabawar shedar ƙwarewa. Waɗanda suka kammala sukan yi aiki a asibitocin sankara, da ɗakunan gwaji, da cibiyoyin bincike, da jami'o'i. Buƙatarsu ta ƙaru ƙwarai a 2013, lokacin da 'yar wasan kwaikwayon nan Angelina Jolie ta bayyana cewa tana ɗauke da lahanin BRCA1 kuma an cire mata mama biyu. A wannan shekara ce kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa babu kamfanin da zai mallaki ƙwayar gadon ɗan Adam, abin da ya buɗe ƙofar gasa, farashin gwaji ya sauko.

Wani zai ce wannan duk lamarin ƙasashe masu arziki ne. Ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin likitoci, wadda yawancin masu sankara ba sa isa asibitocinta sai ciwo ya ci jiki, ina ita ina gwajin gado? Maganar tana da nauyi, amma alƙaluma ba su goyi bayanta ba. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan kuma take aiki a Jami'ar Shikago, ita da abokan aikinta sun buga wani bincike a 2018 a kan mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan. Sun gano cewa kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da lahani na gado, kashi 7 a BRCA1, kashi 4 a BRCA2. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da 'yan'uwa mata da 'ya'ya waɗanda za a iya gargaɗa tun ciwon bai bayyana ba. Inda magani ke da tsada kuma na'urorin gashi suka yi ƙaranci, a nan ne rigakafi ya fi magani da gaske. Bugu da ƙari, zana salsalar iyali ba ya buƙatar wutar lantarki.

Akwai kuma batun harshe da mutunci. A al'ummar da ake binciken asali kafin aure, kalma ɗaya da ta fita daga asibiti cewa gidan wane suna da sankara a jini tana iya hana 'yan matan gidan gaba ɗaya samun manema, har da waɗanda ba su gaji komai ba. Amurka ta kafa doka a 2008 da ta hana kamfanonin inshorar lafiya da masu ɗaukar ma'aikata nuna bambanci saboda sakamakon gwajin gado, amma babu dokar da za ta tilasta wa surukai fahimta. Wannan sai mai bayani wanda ya iya riƙe sirri, ya san yadda ake magana da dattijuwa a gaban 'yarta, ya kuma iya faɗin ma'anar rabin yiwuwa da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ba tare da ya tsorata mutum ko ya yaudare shi ba. Irin wannan ba a sayo shi daga waje, a gida ake renonsa.

Hanyar kuwa an riga an share ta a nahiyar. Jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu ta fara horar da mashawartan gado tun ƙarshen shekarun 1980, Jami'ar Gana kuma ta buɗe nata digiri na biyu a farkon shekarun 2020. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna da masu sankara, suna kuma da ma'aikatan jinya da suka daɗe suna ba iyayen masu sikila shawara. A kan wannan tushe ya kamata jami'o'insu su gina. Malaman ilmin halittu a sakandare kuwa suna iya farawa tun yanzu, ta hanyar koya wa ɗalibai zana salsala da bambanta gadon da ke buƙatar iyaye biyu da wanda ɗaya ya isa. Ɗalibin da ke son kimiyya, yake kuma da haƙurin sauraron mutane, ya sani cewa aikin lafiya bai tsaya ga likita da mai haɗa magani ba. Gwajin gado yana ƙara araha, kuma zai iso asibitocin yankin nan ko an shirya ko ba a shirya ba. Ya rage ga jami'o'i su tabbatar cewa ranar da ya iso akwai wanda zai zauna da uwa da 'ya'yanta ya karanta musu takardar.