A San Sunan Kaya Kafin A Biya Kuɗi

Malami ya tara albashinsa, ya nufi Sabon Gari ko titin Beirut a Fagge sayen kwamfutar cinya 'yar gwanjo. Mai kanti ya ce, "RAM huɗu ce." Malam ya gyaɗa kai don kunyar tambaya, ya biya. Lalle wannan kunya tana jawo hasara.

Ku akawuna, na'urar nan ofis ce. Firosesa shi ne akawu. RAM kuwa teburinsa. In ya ƙanƙance, aiki sai jan ƙafa, sabo da haka a nemi gigabait 8. Hadis, watau kabad ɗin fayil, shi ke riƙe takardu ko an kashe na'ura. Batir fa? A zare caja a gabanka, ka zauna ka ga ko zai kai sa'a guda.