A tuna da mutanen Dutsen Bagzan

Ya Edita,

Ina neman ɗan fili in yi magana kan ƙauyukan duwatsun Abzin, domin ba a cika ambatonsu a jarida ba sai an yi zancen zinariya ko rashin tsaro, ko kuma bikin Iferwan ya zagayo.

Mu nan Matameye ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ta gero da rake da garake, amma mutanen dutsen nan ba baƙinmu ba ne. Tun kaka da kakanni ayarin Abzinawa, musamman Kel Ewey, kan tashi bayan damina ya keta Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya ɗauko kantu da dabino, sa'an nan ya gangaro ƙasar Damagaram har Kano ya musanya da hatsi. Su sauka a gonakinmu bayan girbi, raƙuma su ci kara su bar taki, mai gona ya kai musu fura. Kowane madugu da mai masaukinsa, ɗa ya gaji uba. Masu tarihi ma sun ce Gobirawa a Abzin suka zauna kafin su yi kudu.

A kan dutsen Bagzan da ke Abzin ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, Idukal-n-Tages, mita 2,022. Akwai ƙauyuka a can sama da sai a ƙafa ko bisa jaki ake kai musu. Da ɗan ruwan maɓuɓɓuga da na rijiya suke noma tafarnuwa da albasa da dankalin turawa, jakai su sauko da su. A sauran ƙauyukan Abzin, Timiya na fid da lemo da rumman, albasar Tabelot kuwa manyan motoci ke kwasa. To a kan Bagzan, mai naƙuda ko wanda maciji ya sara, ta wannan hanyar ta jakai za a sauko da shi. Tun 1991 UNESCO ta sa wani yanki na Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya. Idan ana kiwon dutse da namun dajinsa, mutumin da ke zaune kansa ya fi cancanta a kula da shi.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa a ƙofarmu yake. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun matse, kara ya zama kuɗi, kowa na kwashe nasa ƙaf ya ɗora a rumfa. Ban ga laifin manomi ba, shi ma yana da awaki da bakunan ciyarwa. Amma in ayari ya rasa masauki a kudu, geron da iyalai ke jira a dutse zai yanke, mu ma mu rasa takin.

Ina roƙon Sarkin Kance da masu gari da magadan gari su zauna da madugai a keɓe musu wuraren sauka kafin kaka. Ku kuma ku tura wakili ya hau Bagzan da ƙafarsa, ya ji ta bakin mutanen, ya rubuto mana.

Naku mai karatu,
daga Matameye, jihar Damagaram