Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Ɗalibin Malanta da Auna Kansa Bayan Hidimar Al'umma

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da akan ɗora wa mai koyon aikin malanta akwai fita daga harabar kwaleji zuwa cikin jama'a domin ya yi musu wata hidima, kamar koyar da manya karatu da rubutu, ko shirya wa 'yan firamare darasin hutu, ko shiga aikin yashe magudanan ruwa kafin saukar damina. Idan ya dawo, akan buƙaci ya rubuta rahoto wanda a cikinsa zai auna kansa, ya bayyana inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wannan ɓangare na rahoton ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Auna kai ba ya amfanar ɗalibi sai an gina shi a kan abin da ya faru a zahiri, an ambaci wanda ya aikata shi, an kuma kawo shaida daga mutanen da aka yi wa hidimar.

2.0 Tushen Al'amarin

Yi wa jama'a aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni akwai aikin gayya, inda samarin gari kan taru su nome gonar mutum ɗaya, gobe su koma ta wani. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da yaƙi da jahilci, masu ɗan ilimin boko suka shiga ƙauyuka suna koyar da manya. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Haka kuma, tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, raya al'umma ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙansa. Sai dai wanda ya tsaya a takardar shaidar malanta ta NCE ba ya cikin waɗanda ake kira zuwa wannan hidima. Ke nan, ga da yawa daga cikin malaman firamare na gobe, shekaru ukun kwaleji su ne damar da suke da ita ta koyon zama da jama'a a ƙarƙashin kulawar wani.

Abin da ya bambanta koyo ta hanyar hidima da aikin sa-kai zalla shi ne waiwaye. Masanin falsafar ilimi na Amurka, John Dewey, ya yi bayani a 1938 cewa ba kowane abu da mutum ya shiga ya fita ne yake ilimantar da shi ba. Wani ma ƙara masa kuskure yake yi. David Kolb ya tsara wannan tunani a 1984 zuwa matakai huɗu: a aikata, a waiwayi abin da aka aikata, a fitar da darasi, sa'annan a sake gwadawa. Wanda ya tsallake mataki na biyu zai iya shekara ashirin yana koyarwa, alhali shekara ɗaya yake ta maimaitawa. Malaman Musulunci ma sun daɗe da sanin wannan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa yi wa kai hisabi bayani mai tsawo a cikin Ihya'u Ulumiddin. Saboda haka, ba a ɗora wa ɗalibi Bahaushe abin da tarbiyyarsa ba ta sani ba.

3.0 Abubuwan da ke Hana Ɗalibi Faɗin Gaskiya

Duk wanda ya saba duba irin waɗannan rahotanni ya san kamanninsu. A wajen ƙarfi, ɗalibi kan rubuta cewa yana da haƙuri da juriya da son jama'a. A wajen rauni kuwa, sai ya lissafa rashin kayan aiki da ƙarancin lokaci da rashin haɗin kan mutanen gari. Idan aka lura, babu ko ɗaya daga cikin raunin nan da yake nasa. An tambaye shi halinsa, ya ba da labarin halin wasu, daidai da karin maganar da ke cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Dalili na farko shi ne tarbiyya. An raini Bahaushe a kan cewa yabon kai jahilci ne, an kuma raine shi a kan rufa wa kai asiri. Ɗalibin da aka ce ya fayyace bajintarsa sai kunya ta kama shi, ya fake da kalmomin da kowa ke iya faɗa wa kansa. Idan kuma aka ce ya fayyace gazawarsa, sai ya ga kamar tonon silili ne.

Dalili na biyu shi ne maki. Muddin ɗalibi yana zaton malami zai rage masa maki gwargwadon kurakuran da ya ambata, to hankali ma bai yarda ya ambace su ba. A nan laifin bai tsaya kansa shi kaɗai ba. Tsarin da ya saka wa mai ɓoyewa, ya hukunta mai bayyanawa, shi ya koya masa.

4.0 Yadda Harshe Kan Ɓoye Mai Aikatawa

Akwai dalili na uku wanda ya kamata ɗalibin Hausa ya fi kowa ganewa, domin a cikin nahawu yake. Hausa tana da hanyoyi masu sauƙi na ba da labarin abu ba tare da an ambaci wanda ya yi shi ba. Ta farko ita ce amfani da “an” da 'yan'uwansa, wato “aka” da “ana” da “akan”. Jimlar “an makara” gaskiya ce, amma ba ta faɗi ko wane ne ya makara ba. Ta biyu kuwa tana cikin tsarin aikatau, wanda F. W. Parsons ya kasa zuwa aji bakwai a 1960. A dubi bambancin “na fasa tulu” da “tulu ya fashe”, ko “na lalata shirin” da “shirin ya lalace”. A jimlolin farko akwai mai aikatawa da abin da aikin ya faɗa wa; a na biyu kuwa aikatau ƙi-karɓau ne, sai abin ya zama kamar shi ya yi kansa.

Waɗannan siffofi ba aibu ba ne. Da su ake sasanta rigima, a ba da labarin ɓarna ba tare da an ci fuskar kowa ba. Amma a rahoton auna kai suna zama labule. Ɗalibin da ya rubuta “ajin ya watse a mako na uku” ya kawo sakamako, ya rufe sanadi. Akwai gwaji mai sauƙi da zai iya yi wa rubutunsa: ya ja layi a ƙarƙashin kowane “an” da kowane aikatau irin su “watse” da “lalace” da “ɓaci”, ya tambayi kansa wa ya yi. Inda amsar ta zama shi ne, sai ya mayar da jimlar ta fara da “na”. Inda ba shi ba ne, ya bar ta yadda take, domin ɗora wa kai laifin da ba a yi ba shi ma kauce wa gaskiya ne.

5.0 Ma'aunin da Ya Dace

Ba sai an je nesa neman ma'auni ba. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a tunanin Hausawa, inda ya kawo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Da waɗannan ne mutanen unguwa ke auna baƙon da ya zo musu da allo da alli, ko ya sani ko bai sani ba. Sharaɗin kawai shi ne, kada ɗalibi ya ambaci siffa sai ya haɗa ta da ranar da aka gwada shi a kanta.

A ɗauka cewa an tura wani ɗalibi ya koyar da manya a wani ƙauye na ƙasar Sakkwato. Ya kira wani dattijo gaban allo, dattijon ya ce “shina zuwa”, ɗalibin ya gyara masa a gaban 'ya'yan cikinsa cewa “yana zuwa” ake faɗi. Washegari dattijon bai dawo ba, bayan kwana biyu sa'o'insa ma suka ɗauke ƙafa. Idan ɗalibin ya rubuta cewa mutanen ƙauye ba sa son ilimi, to ya fita daga aikin yadda ya shiga. Idan kuwa ya rubuta abin da ya faru, zai gano rauni biyu masu suna. Na farko na ilimi ne: ya ɗauki karin harshen Sakkwatanci a matsayin kuskure, alhali Daidaitacciyar Hausa ƙa'ida ce ta rubutu da makaranta, ba ta soke maganar da mutum ya tashi da ita ba. Na biyu na ladabi ne: bai san cewa babba ba a gyara masa a bainar jama'a ba. Dukkansu ana iya magance su kafin ya tsaya a gaban aji nasa na kansa.

Haka abin yake a wajen ƙarfi. Ɗalibar da ta lura cewa matan da take koyarwa suna raguwa saboda lokacin darasi ya ci karo da ɗora sanwar dare, ta tuntuɓe su, ta mayar da shi hantsi, har suka dawo, ba ta buƙatar ta kira kanta mai hikima. Ta rubuta abin da ta gani, da abin da ta yi, da adadin waɗanda suka halarta kafin canjin da bayansa. Wannan ya fitar da ita daga zargin yabon kai, domin labari ta bayar, mai karatu ne zai yanke hukunci.

6.0 Shaidar Jama'a

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowane yoyo yake gani ba. A 1955 Joseph Luft da Harrington Ingham suka kasa halin mutum gida huɗu: wanda ya sani kuma jama'a suka sani, wanda ya sani ya ɓoye, wanda jama'a ke gani shi bai gani ba, da wanda babu wanda ya gano tukuna. Binciken da David Dunning da Justin Kruger suka wallafa a 1999 ya nuna cewa waɗanda suka fi rauni a wasu gwaje-gwaje sun kimanta kansu sama da matsayinsu ƙwarai. Don haka gaskiyar ɗalibi ita kaɗai ba ta wadatar ba. Yana iya rantsuwa a kan abin da ya yi imani da shi, ya zamana bai faɗa daidai ba.

Sai dai neman shaidar jama'a a ƙasar Hausa yana buƙatar dabara. Bahaushe mutum ne mai kara. Idan ɗalibi ya tambayi mai unguwa yadda ya ga aikinsa, amsar da zai samu ita ce godiya da sa albarka. Ya fi kyau ya duba abin da ƙafafun mutane suka faɗa: rajistar halarta, wa ya daina zuwa da kuma yaushe, ko an ci gaba da aikin bayan tafiyarsa. Ya kuma sauya tambayarsa, ya ce idan aka turo wani ɗalibi baɗi, me za su so a yi dabam. Da yake ba shi ake nufi kai tsaye ba, sai baki ya buɗe. Abokin aikin da suka fita tare shi ma madubi ne, idan an ba shi izinin faɗin gaskiya.

7.0 Hanzarin Masu Suka da Nauyin Malamai

Wasu na iya cewa tilasta wa matashi ya rubuta gazawarsa zubar masa da kunya ne, kuma abin da ya rubuta yana iya zama makamin da za a yaƙe shi da shi. Wannan hanzari yana da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da shi ba. Amsarsa ita ce a taƙaita abin da ake tambaya. Aikin da ɗalibi ya yi a cikin jama'a ake aunawa. Sirrin gidansu da na zuciyarsa ba su shiga ciki ba. Rahoton kuma amana ce tsakaninsa da malamin da ke duba shi, ba a karanta shi a aji da sunansa, ba a yi masa gori da shi.

Daga nan nauyi ya koma kan malamai. Wajibi ne a sanar da ɗalibai tun kafin su fita cewa makin yana kan ingancin waiwaye: bayyana abin da ya faru, kawo shaida, gano sanadi, da faɗin abin da za a canza. Ɗalibin da ajinsa ya watse amma ya gano dalili ya cancanci ya fi wanda ya ce komai ya tafi daidai ba tare da hujja ba. Ya dace kuma a umarce su da riƙe ɗan littafi da za su rubuta abin da ya gudana kowace rana, domin wanda ya jira sai daren miƙa rahoto, abin da ya so ya faru zai tuna. A ƙarshe, malamin da bai taɓa karɓar gyara a gaban ɗalibansa ba zai sha wuya kafin ya gamsar da su cewa amsa kuskure ba faɗuwa ba ce.

8.0 Kammalawa

An kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa a 1989 domin ta tsara mafi ƙarancin abin da malami zai sani kafin a ba shi shaida. Amma akwai abin da jarrabawar takarda ba ta iya aunawa, wato yadda mutum ke yi idan darasinsa ya ƙi shiga. Malamin da bai koyi tambayar kansa ba, ranar da yaransa suka faɗi zai ce daƙiƙai ne, ko iyayensu ba su damu ba, kuma yara arba'in ko fiye ne za su biya kuɗin wannan amsa kowace shekara. Hidimar al'umma ita ce wurin da ɗalibi zai yi kuskurensa da wuri, a gaban mutanen da za su yafe masa, da malamin da zai nuna masa gyara. Abin da ake nema daga gare shi kaɗan ne: aukuwa biyu ko uku da ya yi daidai, biyu ko uku da ya kauce, kowace da ranarta da shaidarta, da kuma abu ɗaya da ya ƙudurta zai sauya kafin ya fita gwajin koyarwa.