Sa'a Guda Cikin Minti Ɗaya

Kyamarar bidiyo mai kaset, irin MiniDV da ta fito a 1995, tana ɗaukar hoto 25 kowace daƙiƙa a tsarin PAL, wato hoto 90,000 cikin sa'a guda. Idan aka juye kaset ɗin a kwamfuta, aka tsinci hoto ɗaya cikin kowane 60, sa'ar nan sai ta koma minti ɗaya. A nan ne ido ke kama abin da ya saba kuɓuce masa: yadda hadari ke haɗuwa, inuwa ke juyawa, kasuwa ke cika ta watse. Saboda haka tsohon kaset bai cancanci bola ba.

Masu suka za su ce wayar hannu tana yin wannan cikin sauƙi. Gaskiya ne, amma waya ba ta komawa baya ta ɗauko ranar da ta shige. Wasu kuma za su ce hoton yakan yi rawa. Hakan na faruwa ne inda aka riƙe kyamara da hannu, don haka sai a zaɓi wurin da aka kafa ta. Abin lura kawai shi ne, hanzartawa tana zubar da hoto 59 cikin 60, murya ma ta tafi. A yi gajeren bidiyon, amma a adana asalin.