A Bar Ɗan Jarida Ya Gani Da Idonsa

Akwai wata magana da muke yawan ji a majalisunmu na Adjamé Liberté da Treichville, wadda ya kamata mu tsaya mu auna ta. Duk ranar da aka ce 'yan sanda sun lakaɗa wa wani ɗan jarida duka a wajen zanga-zanga, sai ka ji wani cikinmu ya ce, "Maganinsa ke nan, ai su ne ke ɓata mana suna." To, ɗan'uwa, in gemun maƙwabcinka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba mu ce 'yan jarida ba su da laifi ba. Mun sha ganin an yi rikici tsakanin manomi da makiyayi, a je a ji ta bakin manomi da ta hukuma, a buga labari ba a tambayi mai shanu ko kalma ɗaya ba. Wannan rashin adalci ne, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma kulki ba ya gyara alƙalami, sai dai ya karya shi.

Mu da muka daɗe a Abijan mun ga abin da idonmu. A Disamban 1995, bayan ƙungiyar ASEC ta sha kashi a hannun Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu, jaridar La Voie ta yi shaguɓe cewa zuwan Shugaba Bédié filin wasa ne ya jawo rashin sa'a. A kan wannan kaɗai aka yanke wa Abou Drahamane Sangaré da Freedom Neruda da Emmanuel Koré ɗaurin shekara biyu-biyu, ba su fito ba sai Janairun 1997. A ranar 21 ga Oktoba 2003, wani sajen 'yan sanda ya harbe Jean Hélène, wakilin Rediyon Faransa, a gaban hedikwatar 'yan sanda, yana jiran a sako wasu 'yan adawa ya ji ta bakinsu. Kotu ta ɗaure sajen shekara 17. Wata biyar bayan kisan, a ranar 25 ga Maris 2004, aka murƙushe zanga-zangar 'yan adawa, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 120 suka mutu. A Nuwamban wannan shekarar aka cinna wa ofisoshin Le Patriote da 24 Heures wuta. Wanda ya san Abijan a lokacin ya san cewa da aka rufe bakin jarida, baƙo da talaka suka fi shan wuya, domin babu mai ba da shaidarsu.

Kada kuma mu ɗauka zanga-zanga ta 'yan siyasa ce kawai. A farkon Yunin 2024, ana gab da babbar salla, 'yan'uwanmu masu sayar da dabbobi a mayankar Port-Bouët suka yi arangama da jami'an tsaro kan maganar tashinsu daga kara a mai da su Adjamé. A irin wannan rana, in aka kori mai ɗaukar hoto, labarin wa zai rage? Sanarwar hukuma ce za ta fita, mu kuwa a ce da mu masu tayar da fitina. Gani ya kori ji, shi ya sa muke son a bar mai gani ya tsaya.

Saboda haka muna kira ga shugabannin 'yan sanda da jandarma da su ja kunnen yaransu: ɗan jarida da ke bakin aikinsa ba ɗan zanga-zanga ba ne, kada a doke shi, kada a ƙwace masa kayan aiki. Muna kira ga 'yan jarida, na gwamnati da masu zaman kansu, su tako zuwa kara da ruga su tambaye mu, in harshe ya gagara akwai tafinta a kowace kasuwa.

Mu ma da sauran gyara a wurinmu. Sau nawa ɗan jarida ya zo kara muka juya masa baya, ko samarinmu suka yi masa ca? Sarakunan zango da shugabannin dillalai su naɗa mutum ɗaya mai haƙuri da sanin Faransanci wanda zai riƙa magana da yawunmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba wa zai sani?

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya kare mu da dukiyarmu. Amin.