Motar da ta ci kofi a kwamfuta, ta sha kaye a titi: abin da W13 ke gaya wa mai sayen waya a Matazu

A watan Maris na 2022, kamfanin Mercedes ya fito da motarsa ta tseren Formula 1 a filin gwaji na Bahrain, kuma duk wanda ya gan ta sai da ya sake dubawa. Sauran motocin suna da kumatu a gefe biyu, inda iska ke shiga ta sanyaya inji. Ita kuwa wannan mota, mai suna W13, an matse mata kumatun har sun kusa ɓacewa. Masu sharhi suka fara cewa gasar ta ƙare tun ba a fara ba, kuma ba a ga laifinsu ba, domin Mercedes ta lashe kofin kamfanoni sau takwas a jere, daga 2014 zuwa 2021.

Da aka rufe kakar, W13 ta ci tsere ɗaya tak cikin 22. Red Bull ta ci 17.

Matashin da ke Matazu, ko Malumfashi, ko Funtua, wanda tseren ke iso masa a gajerun bidiyon TikTok da Facebook, zai iya cewa wannan rigimar masu kuɗi ce, ina ruwansa. Amma kuskuren da ya kayar da W13 shi ne dai wanda ke cinye kuɗin matasa da yawa duk kaka, lokacin da aka sayar da buhunan masara ko waken suya aka nufi shagon waya: amincewa da lambar da aka auna a wani yanayi, alhali a wani yanayin daban za a yi aiki da kayan.

A 2022 hukumar FIA ta sauya dokar ƙirar motocin, ta dawo da wata dabara da aka haramta tun farkon shekarun 1980. A ƙarƙashin kowace mota aka yi hanyoyin iska biyu, masu tsukewa a tsakiya su buɗe a baya. Iskar da ta bi ta cikinsu tana ƙara gudu, matsinta ya ragu, sai titi ya riƙa tsotso motar ƙasa. Mota mai manne da titi tana shan kwana da gudun da wata ba za ta iya ba. Kuma gwargwadon kusancin cikin motar da kwalta, gwargwadon ƙarfin tsotson. Injiniyoyin Mercedes suka gina lissafinsu a kan cewa motarsu za ta yi gudu tana dab da ƙasa, kuma a wannan tsayin lambobin da kwamfuta ta ba su masu faranta rai ne.

Sai dai doka ba ta barin kamfani ya yi ta gwada motar gaske yadda ya ga dama. Ana gwada ƙaramin samfuri ne a ɗakin busa iska, wanda girmansa bai wuce kashi 60 cikin 100 na motar ba, iskar kuma ba ta wuce gudun kilomita 180 a awa. Motar gaske tana haura 300. A wannan gudun tsotson ya yi ƙarfin da cikin motar ke kusan taɓa titi, hanyar iskar ta toshe, tsotson ya ɓace, motar ta yi sama, iskar ta dawo, ta sake faɗowa. Haka take yi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kamar doki mai tutsu. Kusan duk motocin shekarar sun taɓa wannan ciwo, amma na Mercedes ya fi daɗewa, saboda maganinsa shi ne a ɗaga motar sama, kuma da an ɗaga ta sai gudun da aka lissafa mata ya tafi. Idan kuma aka ƙara wa ƙafafunta tauri don kada ta yi tsalle, bayan direba ne ke biya.

Jiki magayi. A Imola ta ƙasar Italiya, cikin Afrilu, Max Verstappen ya zagayo ya wuce Lewis Hamilton da zagaye guda cur, Hamilton ya ƙare na 13. A Baku, cikin Yuni, duniya ta ga mutumin da ya ci kofin duniya sau bakwai yana fitowa daga mota da ƙyar, hannu dafe da baya. Ita ce kakarsa ta farko ba tare da nasara ko ɗaya ba tun da ya fara a 2007.

A ɓangaren Red Bull kuwa a lokacin akwai Adrian Newey, wanda tun yana ɗalibi a Jami'ar Southampton ya yi nazarinsa na ƙarshe a kan wannan dabara ta tsotson iska, kuma ya ga zamanin da motoci suka yi irin wannan tsallen. Motarsu RB18 an ƙera ta ne ta yi aiki ko an ɗan ɗaga ta, ko titin ba sumul ba ne. Verstappen shi kaɗai ya ci tsere 15 da ita.

To ina waya ta shigo? A daidai wannan wata na Maris 2022, masu amfani da wayoyin Samsung suka gano cewa wata manhaja da ke cikin wayar tana rage ƙarfin aikinta idan aka buɗe wasanni da wasu manhajoji, don kada ta yi zafi, amma ba ta rage shi idan manhajar awon ƙarfi aka buɗe. Wato lambar da ake gani a gwaji ta fi abin da mai waya ke samu a hannu. Geekbench ya cire jerin Galaxy S10 zuwa S22 daga jadawalinsa, Samsung kuma ya fitar da gyara da ya ba mutum zaɓi. Kafin nan, a 2018, an cire wasu wayoyin Huawei daga jadawalin 3DMark a kan makamancin haka. Manyan kamfanoni ke nan. Mai karatu ya ƙiyasta abin da ke faruwa da ƙananan da babu wanda ke bin diddiginsu.

Ko da babu wata dabara a ciki, kwalin waya ɗakin busa iska ne. Apple da kansa ya ce an yi iPhone ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 na zafi. A kudancin Katsina, cikin Afrilu, rana tana haura wannan tun kafin azahar. Waya da ta ɗau zafi tana rage wa kanta gudu, ta rage hasken fuska, ta rage saurin caji, kuma batirinta na saurin tsufa. Cajin gaggawar da aka rubuta da manyan baƙaƙe ana samunsa ne da cajarta ta asali, a farkon caji, a wuri mai sanyi. Wayar da za ta kwana a shagon mai caji, cikin tarin wasu, a kan janareto da wayar caji ta aro, ba za ta taɓa ganin wannan lambar ba. Inda sabis ba shi da ƙarfi kuma, waya tana ƙara wa kanta wahala wajen neman turke, batir ya riƙa zuba ko ba a taɓa ta ba.

Akwai lambobin da suka fi wannan wayo. Idan aka rubuta RAM 8+8, takwas na biyun aro ne daga ma'adanar waya, kuma bai kai na ainihi sauri ba. Kyamarar da aka ce megafiksel 108 ce, a yawancin wayoyi tana haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, hoton da ke fita na 12 ne. Hasken fuska mafi ƙarfi da ake talla da shi galibi a ɗan ƙaramin yanki na fuskar aka auna shi, na ɗan lokaci. Alamar 5G kuwa ado ce kawai a garin da turken 5G bai iso ba, amma an biya kuɗinta.

Wani zai ce ai lamba ita ce kaɗai abin da mai saye ke da shi, tunda ba za a ba shi waya ya je gona da ita kwana uku ya dawo ba. Wannan gaskiya ne, kuma batir 5,000 ya fi 3,000 a ko'ina. Su ma na Mercedes ba ƙarya kwamfutarsu ta yi musu ba. Ta amsa tambayar da aka yi mata ne, tambayar ce ba ta cika ba. Saboda haka nauyin ya koma kan masu sharhin waya da Hausa, a YouTube da TikTok da shafuka irin wannan. Da yawansu abin da suke yi shi ne su yage leda, su karanta abin da ke jikin kwali da murya mai daɗi, su faɗi farashi. Mai kallo ya iya karanta kwali da kansa. Abin da ba zai iya ba shi ne ya san ko fuskar wayar na karantuwa a tsakar rana, ko minti nawa take ɗaukar bidiyo kafin ta yi zafi, ko kashi nawa batir ke zubarwa cikin awa ɗaya a wurin da sabis ke sanda ɗaya, ko ana samun gilashinta da bakin cajinta a Funtua ko sai an aika Farm Centre a Kano. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura mai tsada. Agogo ne da haƙuri da fita rana.

Ba abin mamaki ba ne yadda Tecno da Itel da Infinix suka mamaye aljihun mutanen karkara. Kamfanin da ke yin su, Transsion, ya fara ne da duba yadda ake rayuwa da waya a Afirka: layi biyu, batir mai jure rashin wuta, kyamarar da aka daidaita da baƙar fata. Wannan ba ya nufin a karɓi duk abin da suka rubuta a kwali ido rufe, domin su ma suna cikin masu buga RAM ɗin aro da manyan baƙaƙe.

Ɓangaren labarin W13 da ya fi ciwo shi ne na ƙarshensa. A ranar 13 ga Nuwamba 2022, a Brazil, George Russell ya ci tserensa na farko, Hamilton ya zo na biyu. Wannan nasara ɗaya ta ƙarfafa wa kamfanin gwiwa cewa ƙirar tana da gaskiya, sai suka sake gina motar 2023, W14, da matsattsun kumatu. A tseren farko a Bahrain, Hamilton ya iso kusan daƙiƙa 50 bayan Verstappen, ya fito fili ya ce ya faɗa musu abin da ke damun motar ba su saurare shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar samari ya san irin wannan: mutum ya zuba kuɗin kakarsa a waya, tana ƙona masa hannu, amma saboda hoto ɗaya mai kyau da ta ɗauka ranar sallah zai yi ta kare ta, har ya ja ƙaninsa ya sayi irinta.

Mercedes ta dawo da James Allison kan kujerar shugaban fasaha a Afrilun 2023, kuma a Monaco, ƙarshen Mayu, motar ta fito da kumatu kamar na kowa. A wannan shekarar ba ta ci tsere ko ɗaya ba, Red Bull ta ci 21 cikin 22.